Yadda ake kama ƙudajen gona da na garke, a gane dangin kowanne

A nan Sudan kowa da ƙudan da ya dame shi. Mai lambun mangwaro a Sinja yana kuka da tsutsa a cikin 'ya'yan itace. Mai dawa a Gadarif yana ganin zuciyar shuka ta bushe tun ba ta kai gwiwa ba. Makiyayi yana gudun bobuwa da damina, masunci a bakin kogi kuma kifin da ya shanya ne yake yin tsutsa. Dukansu "ƙuda" suke cewa, dukansu kuma maganin feshi suke zuwa nema a kasuwa. Alhali ƙudajen nan danginsu daban-daban ne, wurin ƙwansu daban, wasu ma daga cikin waɗanda feshin yake kashewa aiki suke yi wa manomi kyauta. Idan ka gane dangin ƙuda ka san inda tsutsarsa take girma, kuma can ne ake yin maganinsa.

Masana sun rubuta sunayen ƙudaje sama da jinsi 150,000 a duniya. Ba wanda ya san su duka, kuma ba a bukatar haka. Dangogi goma sha wani abu ne suka shafi rayuwarmu, kuma mai koyo zai iya rarrabe su da ido da ɗan madubi. Na daɗe ina wannan aiki a ƙauyukan da ke tsakanin Mai Wurno da Sinja da kuma gonakin gefen kogin Rahad, ga yadda nake yi, ɗan'uwa.

Kayan aiki

Raga. Lanƙwasa waya mai kauri ta zama zobe mai faɗin kamu ɗaya da rabi, ka ɗaure ta a sanda mai tsawon mita guda, ka ɗinka mata jaka da tsohon gidan sauro. Zurfin jakar ya ninka faɗin bakinta sau biyu, don ka iya naɗe ta ta rufe kanta. A wanke gidan sauron sosai idan mai magani ne.

Kwalabe masu faɗin baki da murfi, uku ko huɗu, da ƙananan kwalabe irin na allura waɗanda aka wanke.

Sifirit na kantin magani mai ƙarfin 70 cikin 100. Idan mai ƙarfin 95 ka samu, zuba kashi uku na sifirit da kashi ɗaya na ruwa mai tsabta.

Madubin ƙara girma mai ninka abu sau 10. Wannan shi ne abin da ba na so ka rasa. Masu gyaran agogo da masu gyaran waya suna da shi. In ya gagara, ɗauki hoto da waya a cikin haske mai kyau ka ja hoton ya girma.

Sai auduga, ruwan goge jan farce, fil sirara, kati mai kauri, ƙaro, fensir, littafin rubutu, robobin ruwa da aka shanye, farar takarda, man zurma, yadi shuɗi da baƙi kamar mita ɗaya-ɗaya, akwati mai rufuwa gam, farin soson nan mai tauri da ake samu a kwalin firiji ko talabijin, da ƙwayoyin kafur.

1. Zaɓi wuri da lokaci

Kada ka fara da yawo ko'ina. Zaɓi wurare huɗu kusa da gida: garke ko turken dabbobi, lambu, bakin ruwa, da juji. Kowanne da mutanensa. Masu zuwa fure suna fitowa da hantsi kafin rana ta yi zafi. Masu cizon dabbobi sun fi yawa daga hantsi zuwa la'asar a ranar da babu iska. Ƙyashi da sauro na dare ne. Ƙarshen damina, daga Satumba zuwa Nuwamba, shi ne lokacin da ake samun iri mafi yawa, amma ƙyashin da ke kawo cutar kala'azar a ƙarshen rani yake yawaita, kafin ruwa ya sauka.

2. Kamu

Da raga. Idan ƙuda yana kan fure ko ganye, kawo ragar daga gefe da sauri, ka wuce da ita, nan take ka juya hannu jakar ta naɗe a kan zoben. Idan a ƙasa yake, kifa ragar a kansa ka ɗaga ƙarshen jakar sama. Ƙuda sama yake tashi, wajen haske, zai shige ƙarshen da kansa. Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne barin inuwarsu ta faɗa kan ƙudan. Ka sa rana a gabanka.

Da tarkon roba. Yanke kan robar ruwa, ka juya shi ka cusa cikin gindin ya zama mazurari, ka zuba abin jan hankali a ciki. Ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu, amma kowane dangi da abin da yake kwaɗayi. Kayan cikin kifi suna jawo koren ƙuda da mai dabbare-dabbare. Nunannen mangwaro ko gwaba da ɗan yis da sukari suna jawo ƙudajen 'ya'yan itace. Garin kifi da aka jiƙa yana jawo ƙudan zuciyar dawa. Rataye tarkon a inuwa, nesa da ɗaki da madafa, ka duba shi kullum, don in suka kwana biyu a ciki sai su ruɓe a kasa gane su.

Da yadi. Bobuwa da tsando da ƙudan garke mai cizo shuɗi ne yake jawo su daga nesa, in sun iso sai su sauka a kan baƙi. Ɗinka yadin biyu gefe da gefe, ka kafa su tsaye a fili tsakanin sanduna biyu, kusa da inda shanu ke shan ruwa, ka tsaya da raga. Fitsarin saniya da ya kwana biyu a gwangwani, in aka ajiye shi a gindin yadin, yana ƙara jawo su. A kan wannan ɗabi'a tasu aka gina tarkon Nzi da aka ƙirƙira a Kenya, wanda ma'aikatan dabbobi ke amfani da shi. In ba ka da yadi, akwai hanya mai sauƙi: mota da aka ajiye a rana kusa da garke, a bar taga ɗaya a ɗan buɗe. Bayan awa guda za ka tarar da bobuwa suna karo da gilashi daga ciki.

Da takardar mai. Wannan na ƙyashi ne. Shafa man zurma a fuska biyu na farar takarda, ka tsaga kan kara ka maƙala ta, ka kafa dab da ƙasa kafin magariba: a bakin tsagewar baƙar ƙasa, a gindin aduwa ko dushe, ko kusa da suri. Ka kwashe da asuba kafin rana ta fito, in ba haka ba ƙura da tururuwa za su riga ka. Tsince su da tsinken ƙaya ka jefa a sifirit. In babu man zurma wani mai mai kauri zai riƙe su, sai dai ba kamarsa ba. Kada ka je wannan aiki da gajeren wando ko hannu a waje, kuma kada ka zauna hira a gindin itatuwan bayan faɗuwar rana.

3. Kashewa

Sa auduga a gindin kwalba, ka ɗiga mata ruwan goge jan farce kaɗan, ka rufe ta da takarda mai laushi don kada ƙudan ya taɓa jiƙaƙƙen wuri. Cusa ƙarshen ragar da ƙudan yake ciki a kwalbar ka rufe na ɗan lokaci, in ya daina motsi ka zazzage shi ciki ya yi kamar rabin awa. Ruwan nan yana kama wuta, a nisanta shi da murhu da yara. Inda akwai wutar lantarki, kwana ɗaya a sashen ƙanƙara na firiji ya wadatar. Kada a fesa musu maganin sauro, kada kuma a bar kwalba a rana: gumi yana taruwa a ciki, gashin jikinsu ya manne, launin ya ɓace.

Bobuwa kuwa, kafin ka kashe ta ka ɗauki hoton idonta. Idon mai rai yana da layuka kore da ja masu ƙyalli, kuma suna gushewa bayan ta bushe.

4. Kafewa da lakabi

A kafe ƙuda a ranar da aka kashe shi, tun jikinsa na da laushi. Soka fil a gadon baya, tsakanin fikafikai, ka ɗan karkata dama da tsakiya. Dalili shi ne da gashin baya ake gane jinsi da yawa, in fil ya ɓata na dama na hagu yana nan. Tura shi sama ya rage kamar kashi ɗaya cikin uku na fil a kansa, wurin riƙewa. Fil ɗin tela yana da kauri kuma yana tsatsa, manyan ƙudaje kawai zai yi wa. Ƙanana kuwa, yanka kati siriri mai tsini, ka taɓa tsinin da ɗigon ƙaro, ka manna shi a gefen dama na ƙirjin ƙudan, sannan ka soka fil a ɗaya ƙarshen katin. Ƙaronmu na dakwara ya fi gam ɗin kanti a wannan aiki, domin ruwa yana narkar da shi in an so a cire.

Wanda ya riga ya bushe kada ka taɓa shi, ƙafafu za su kakkarye. Sa shi a kwano mai rufi tare da jiƙaƙƙen yashi, a kan takarda, ya kwana, zai yi laushi.

Ƙyashi da sauran ƙanana masu laushi da tsutsa a sifirit ake ajiye su. Manyan masu gashi da yawa da sauro a bushe.

Kowane ɗaya sai da lakabi: gari, kwanan wata, a kan me aka kama shi, da wace hanya, da sunanka. Da fensir za ka rubuta, don sifirit yana wanke biro. Ƙudan da ba shi da lakabi ko masani ya gane shi ba abin da zai ƙaru da shi.

5. Tabbatar ƙuda ne

Ƙirga fikafikai. Ƙuda na gaskiya biyu gare shi, wannan ne ya sa masana ke kiran rukunin gaba ɗaya Diptera, sunan da wani masani, Linnaeus, ya tabbatar a littafinsa na 1758. A bayan kowane fiffike, inda ya kamata a ga na biyu, akwai ɗan tsinke mai kai a dunƙule, da shi yake daidaita kansa a iska. Ƙudan zuma da zanzaro da rina fikafikai huɗu gare su, ba sa cikin wannan rukuni. Haka farin ƙudan nan da ya addabi auduga da tumatir a Jazira: fikafikansa huɗu, ɗan'uwan darɓa ne. Sauro kuwa, duk da ba ma kiransa ƙuda, yana ciki.

6. Duba ƙahonnin gaban kai

Nan rukunin ya rabu biyu. Ɗauki madubi ka dubi 'yan ƙahonni biyu da ke tsakanin idanu.

Idan dogaye ne masu gaɓoɓi da yawa, jikin kuma siriri, ƙafafu dogaye, to ɓangaren Nematocera ne. Sauro yana nan, mai jinsi kusan 3,500. Ƙyashi yana nan: bai wuce milimita 3 ba, jikinsa duk gashi, in ya sauka fikafikansa a ɗage suke, tsalle-tsalle yake yi kuma ba ya ƙara. Wanda ke kawo kala'azar a Gadarif da Sinnar da gefen Dindir sunansa Phlebotomus orientalis, kuma mazauninsa baƙar ƙasa mai tsagewa inda dushe da aduwa suka yi yawa. Madubin hannu ba zai nuna maka jinsinsa ba, sai an kai ɗakin bincike, amma sanin cewa ƙyashi ya yi yawa a bayan gida ya isa ya sa a shiga gidan sauro mai ƙananan ido da wuri. Wanda ya yi zazzaɓi sama da mako biyu, yana ramewa, cikinsa na kumbura ta gefen saifa, a kai shi asibiti a gwada.

A wannan ɓangaren akwai baƙin ƙuda mai ƙusumbi, Simulium, wanda tsutsarsa ke manne da duwatsu a ruwa mai gudu, wani jinsinsa ke kawo makantar kogi. Shi ƙahonsa gajere ne a ido, sai da madubi za ka ga gaɓoɓin da yawa. Akwai kuma ɗan mitsitsin jan ƙudan da ke ƙwai a furen dawa, zangarniya ta fito ba ƙwaya.

Idan ƙahon gajere ne, gaɓa uku, jikin kuma a murɗe, to ɓangaren Brachycera ne, kuma nan yawancin aikinka yake.

7. Rarrabe masu gajeren ƙaho

Fara da manyan da ba su da wahala.

Bobuwa, dangin Tabanidae, wadda makiyayan nan ke kira surret. Jinsinta ya haura 4,000. Babba ce, kai mai faɗi kusan duk ido, ƙahon yana miƙe gaba yana ƙarewa da tsini mai zobba-zobba, babu gashi guda a gefensa. Idan idanu biyun sun haɗe a saman kai namiji ne, ba ya cizo, ruwan fure yake sha. Mace ce mai yanka fata ta lashi jini. Tana ajiye ƙwai a dunƙule a kan ciyawar da ta rataya bisa ruwa ko laka, tsutsar ta faɗa cikin laka ta yi watanni tana cin ƙananan halittu. Shi ya sa feshi a garke ba ya rage ta. Saboda ita da taɓo makiyaya ke barin kudancin Nil Azrak da damina su nufi yankin Butana a arewa. Cizonta yana da zafi, dabba ta kore ta kafin ta ƙoshi, ta faɗa kan wata da jini a baki, ta haka take yaɗa cutar raƙuma da ake kira gufar. Mai layuka fari-fari a ciki yawanci gidan Tabanus ce. Ƙarama mai fikafikai zane-zane masu ɗigo, wadda ke sauka shiru, gidan Haematopota ce.

Dangin Asilidae. Dogon jiki, ƙafafu masu ƙaya, gemu a fuska, da kwarmi a saman kai tsakanin idanu. Za ka gan shi zaune a kan kara a rana yana jira, ya tashi ya cafko fara ƙarama ko ƙuda a iska. Jinsinsa ya wuce 7,000 kuma duk mafarauta ne. Ka riƙe shi da hankali, yana iya suka.

Dangin Bombyliidae. Jiki cike da gashi mai laushi, da yawansu da dogon baki, suna tsayawa cak a iska kusa da ƙasa. Tsutsar wasu tana cin ƙwan fara a cikin ƙasa.

Dangin Syrphidae. Wannan ne ya fi ruɗa mutane, don launinsa rawaya da baƙi irin na zanzaro ko zuma, ana kashe shi don tsoro, alhali ba shi da harbi. Ƙirga fikafikai, biyu ne. Yana tsayawa wuri ɗaya a iska ya zabura gefe ya dawo. Ɗaga fiffiken a haske za ka ga wata jijiya a tsakiya wadda ba ta haɗe da kowace ba a ƙarshenta. Jinsinsa kusan 6,000 ne. Je ka ganyen dawa ko kuɓewa da darɓa ta kama, ka duba a hankali: za ka ga wata tsutsa koriya mara ƙafa, tana lalube da siririn kanta, ta soki darɓa ta ɗaga ta sama ta tsotse ta yar da fatar. Tsutsa ɗaya tana cin ɗaruruwa kafin ta girma. Duk wanda ya ga wannan da idonsa zai yi tunani kafin ya ɗauki famfon feshi.

Sauran dangogin duk suna da gashi guda a gefen gaɓa ta uku ta ƙaho, kuma a saman ƙahonnin akwai wani lanƙwasasshen tabo. Asalin tabon shi ne, idan tsutsarsu ta gama girma fatarta tana bushewa ta zama kwanso mai launin ƙasa, ƙudan da ke ciki ya hura wata jaka a goshinsa ya fasa kwanson, jakar ta koma ciki ta bar alama. Su ma kashi biyu ne. Duba gindin fiffike: wasu suna da 'yan faya-fayan fata farare da suka rufe tsinken daidaitawa, wasu ba su da su.

Cikin marasa faifai, wanda ya shafe mu shi ne dangin Tephritidae, ƙudajen 'ya'yan itace. Fikafikansu na da zane, suna tafiya a kan ganye suna karkaɗa su, mace kuma tana da tsini a ƙarshen ciki da take huda 'ya'yan itace ta sa ƙwai. Mai launin ƙasa da ratsin rawaya a gefen baya, baƙin layi a gaban fiffike, da alamar T a ciki, shi ne Bactrocera dorsalis. Daga Asiya ya zo, an fara ganinsa a Afirka a Kenya a 2003, cikin 'yan shekaru ya iso Sudan ya zama babban abokin gaban mangwaro da gwaba. Ɗan'uwansa Bactrocera zonata ya fi ja, da ɗigo ɗaya a ƙarshen fiffike. Ƙananan masu ratsin rawaya a fikafikai da baƙaƙen ɗigo a baya gidan Ceratitis ne, 'yan asalin Afirka. Masu siririn ƙugu da ke lalata kankana da kabewa da gurji gidan Dacus ne. Kada ka haɗa su da 'yan mitsitsin nan masu jan ido da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen tumatir. Waɗancan dangin Drosophilidae ne, abin da ya riga ya lalace suke bi.

Akwai maganin jan hankali da ake kira methyl eugenol wanda ake sa wa a tarko. Mazan Bactrocera kawai yake jawowa. Tarko ya cika ba ya nufin an gama, matan suna nan. Babban magani shi ne tsince duk abin da ya faɗo ƙasa, a ƙulle a baƙar leda a bar ta a rana kwanaki, ko a binne a rami da ya wuce rabin mita, domin tsutsar a cikin ƙasa take zama kwanso.

Masu faifai kuwa, su ne ƙudajen gida da na garke.

Dangin Muscidae. Ƙudan gida, Musca domestica, launin toka ne da baƙaƙen layuka huɗu a baya, bakinsa mai laushi, lasa yake yi. Mace na zuba ƙwai sama da 100 a lokaci guda a taki ko juji, a zafin ƙasarmu daga ƙwai zuwa ƙuda bai fi kwana 7 zuwa 10 ba. Wanda ke manne wa idon yara ya ƙi koruwa ƙarami ne kaɗan, layukansa biyu masu faɗi, sunansa Musca sorbens. Yana yaɗa ciwon amosanin ido, kuma ya fi son yin ƙwai a bayan gidan mutum da aka bari a fili. Masai da wanke fuskar yara su ne maganinsa. Wanda ya yi kama da ƙudan gida amma bakinsa tsinke ne baƙi miƙe a gaba, shi ne Stomoxys, mai cizon ƙafafun shanu da kunnen kare da idon sawun mutum. Mace da namiji duk suna shan jini. Tsutsarsa tana cikin ragowar harawa da kara da suka jiƙe da fitsari a gindin turke. Kwashe wannan ka baza a rana kowane mako, za ka ga bambanci. A wannan dangi kuma ƙudan zuciyar dawa yake, Atherigona soccata, ɗan ƙarami mai launin toka. Yana ajiye farin ƙwai ɗai-ɗai a bayan ganyen dawa 'yar mako ɗaya zuwa huɗu, tsutsar ta gangara ta yanke zuciyar. Ja busasshen ganyen tsakiya, zai fito da sauƙi yana wari. Shukar da aka makara ita ta fi shan wahala.

Dangin Calliphoridae, masu ƙyalli kore ko shuɗi. Mushe da nama da kifi suke bi, su ne ke lalata wa masunta shanya. Gishiri isasshe da rufe shanyar da raga tun ranar farko sun fi kowane magani, kuma kada a kuskura a fesa wa kifin ci maganin ƙwari. Wani jinsinsu, Chrysomya bezziana, a raunin dabba mai rai kawai yake ƙwai, ko cibiyar ɗan maraƙi. Duk da haka in mangwaro ya yi fure za ka ga koren ƙuda ya rufe shi, kuma yana cikin masu yi masa barbara. Kada a yi feshi lokacin fure.

Dangin Sarcophagidae. Toka, layuka uku a baya, ciki dabbare-dabbare baƙi da fari, jan ido. Ba ƙwai take ajiyewa ba, tsutsa mai rai take saukewa a kan nama.

Dangin Tachinidae. Kama da ƙudan gida ko mai dabbare-dabbare, sai dai ƙarshen cikinsa cike da gashi mai tauri a tsaye. Jinsinsa ya wuce 8,000, kuma tsutsarsu a cikin jikin wasu ƙwari take girma ta kashe su, musamman tsutsotsin da ke cin amfanin gona. A wurina babu ƙudan da manomi ya kamata ya sani kamar wannan.

Saura uku na jikin dabba. Tsando, gidan Glossina: baki miƙe a gaba, fikafikai ɗaya bisa ɗaya in ya sauka, a tsakiyar fiffike akwai fili mai siffar gatari. Mace ba ta ƙwai, tsutsa ɗaya take haifa duk bayan kwana 9 ko 10. A Sudan ta yau sai can Khor Yabus a kudancin Nil Azrak da yankin Radom a Darfur ta Kudu ake samunsa, saboda haka wanda ka kama a Sinnar ka ce tsando ne, sake dubawa, mai yiwuwa Stomoxys ne. Sai dangin Hippoboscidae, masu shimfiɗaɗɗen jiki mai tauri, da ke gudu a karkace a ƙarƙashin wutsiyar raƙumi ko doki. Sai dangin Oestridae, waɗanda babbansu ba ya cin komai. Ka taɓa ganin tumaki da rana tsaka sun haɗa kai sun kife hanci a ƙasa suna buga ƙafa? Oestrus ovis suke gudu, mai fesa musu tsutsa a hanci. Ita ce farar tsutsar nan mai kauri da ake tararwa in an fasa kan rago ranar Layya. Raƙumi ma yana da tasa.

8. Reni tsutsa ka ga abin da za ta zama

Wannan ne yake tabbatar da wane ne mai laifi, domin ƙudan da ka kama a kan mangwaro ba lalle shi ya sa tsutsar ba. Zuba busasshen yashi da aka tankaɗe a bokiti, kaurin yatsa uku. Ɗora 'ya'yan itacen da suka kamu a kan ɗan kwando ko tsumma bisa yashin, don ruwansu kada ya jiƙa shi ya kashe kwanson. Rufe bakin bokitin da yadi mara kauri ka ɗaure. Ajiye a inuwa, a kan kwano mai ruwa saboda tururuwa. Bayan mako guda tankaɗe yashin, za ka ga kwanso masu launin ƙasa. Sa su a kwalba da ɗan yashi, ka rufe da yadi. Cikin kwana 10 ko kusa da haka za su fito. Kada ka kashe su ranar da suka fito, jikinsu fari ne, zanen bai nuna ba. Ba su auduga mai ruwan sukari su yi kwana biyu ko uku.

Haka ake yi da zuciyar dawa, da taki, da laka. Tsutsar gona mai cin ganye ma, in ka rene ta a kwalba, wani lokaci maimakon malam-buɗe-littafi sai ƙuda mai gashi ya fito, ka san Tachinidae ya riga ka aiki.

Ka ware tsutsa kaɗan ka adana. Jefa su a ruwan da ya tafasa aka sauke, minti ɗaya, sannan ka sa a sifirit. In ka jefa su kai tsaye za su tsuke su yi baƙi. Ta raunin dabba a cire ta da hantsaki daga can cikin raunin, a kai wa likitan dabbobi tare da dabbar.

9. Adanawa

Shimfiɗa farin soson a gindin akwati, ka jera fil-fil dangi-dangi, kowane dangi da sunansa a kati. Ƙulle kafur a tsumma ka kafe shi da fil a kusurwa don kada ya yi yawo ya karya su. In ka ga gari-gari a ƙarƙashin wani ƙuda, ƙwaro ya shiga, fitar da shi nan take ka ƙara kafur. Da damina a ɗaga akwatin daga ƙasa saboda raɓa da gara. Kwalaben sifirit a duba su duk wata a ƙara, zafinmu yana shanye shi.

A littafi ka rubuta adadin da kowane tarko ya kama duk mako, da ranar da aka yi ruwa, da halin da shuka take ciki. Bayan shekara ɗaya za ka san watan da bobuwa ke tasowa a yankinku da makon da ƙudan mangwaro ke fara yawa, ka shirya kafin lokacin. Wanda ya gagare ka ganewa, ɗauke shi hoto ta sama, ta gefe, da fuska, da fiffike a buɗe a kan farar takarda tare da ma'auni a gefe, ka nuna wa malamin gona ko ma'aikatan kare shuke-shuke na yankinku. Hukumar Binciken Noma da ke Wad Madani ta daɗe da tara ƙwarin ƙasar nan, kuma a shekarun baya masananta sun saba karɓar irin wannan tambaya. In za ka aika da ƙudan kansa, sa ƙaramin akwatin cikin babba ka cike tsakaninsu da tsumma, ka kuma riƙe wasu irinsa a wurinka.